Gargaɗi da Wa'adi Ga Masu Kamfanonin Jigilar Kaya Kan Tarar Gudu

Wannan takarda ce daga ƙungiyarmu ta direbobin motocin kamfani zuwa ga masu kamfanoni da manajojinsu na sufuri, ranku ya daɗe.

Koke ya yi yawa. Direba zai karɓi albashi a ƙarshen wata ya tarar an gutsure, in ya tambaya a ce masa tarar gudu ce. Wace rana? A wace hanya? Wa ke riƙe da sitiyari a lokacin? Shiru. Mota ɗaya direbobi da dama ke karɓa-karɓa, amma wanda ba shi da uwa a gindin murhu shi ake ɗora wa.

Ba mu zo wanke kowa ba. Ƙa'idar hanya ta Najeriya a fili take: tirela da tanka kilomita 45 a awa cikin gari, 50 a babbar hanya, 60 a tagwayen hanya, bas da tasi kuwa 50 da 80 da 90. Duk ɗan ƙungiyar da ya take mota ya zarce haka don ganganci, laifin nasa ne, lasisinsa ne zai ɗauki maki, kuma kada ya nemi mu tsaya masa.

Sai dai nauyin bai ƙare a kan direba ba. Tun ranar 1 ga Fabrairun 2017 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, ta fara tilasta sanya na'urar taƙaita gudu a motocin haya da na ɗaukar kaya. Direba ba ya sayen wannan na'ura, ba ya ɗaura ta. Aikin mai mota ne. Haka kuma tsarin da hukumar ta kafa a 2007 ya wajabta wa duk mai motoci biyar zuwa sama ya yi rajista, ya ajiye jami'in kula da lafiyar tuƙi, ya riƙa horar da direbobinsa. To a tarar rashin na'ura, mene ne haɗin direba?

Ga kuma abin da ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. Daga Kano zuwa Legas kusan kilomita 1,000 ne. Ko da hanyar duka sumul ce, tirela mai bin ƙa'ida sai ta haura awa 16 tana tafiya, ban da salla, ban da cin abinci, ban da barci, ban da shingayen jami'ai da ramukan da kowa ya sani. Manajan da ya yi lodi da yamma ya ce lallai a sauke kaya da safe, yana ta doka waya yana barazanar hana kuɗin tafiya, shi ya ba da umarnin gudu, ko da bakinsa bai furta ba. Da yawa cikin masu tsara wannan lokaci ba su taɓa kwana a hanya ba.

Game da albashi kuwa, sashe na 5 na Dokar Ƙwadago ya hana mai kamfani cire tara daga ladan ma'aikaci. Ko asara ma'aikaci ya jawo da gangan ko da sakaci, sai an samu rubutacciyar amincewar jami'in ƙwadago kafin a taɓa sisinsa.

Don haka muna ba ku kwana 21 daga ranar da takardar nan ta iso ku. A dakatar da yankan albashi, a mayar wa kowa abin da aka cire masa ba bisa doka ba. A sanya na'ura mai aiki a kowace mota, a buɗe littafin da direba zai sa hannu lokacin karɓar makulli da lokacin mayarwa, sannan a zauna da mu a gyara lokutan sauke kaya.

Idan wa'adin ya cika ba mu ga canji ba, za mu miƙa lambobin motocin da ba su da na'ura ga FRSC, mu kai ƙara Ma'aikatar Ƙwadago da Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Daga nan kuma direbobinmu za su ajiye makullai, babu motar da za ta fita daga gareji.