Daga Corolla Zuwa Marsandi: Kuɗin Saye Daban, Kuɗin Riƙo Daban



Wata uku ke nan gidanmu babu wata hira sai ta mota. Babban yayanmu ne ya ce ya gaji. Shekara shida ya yi yana jan Golf, ya sayar ya koma Corolla, ita ma ya shekara tara a cikinta. Da ita ake kai yara makaranta, da ita ake ɗauko buhunan masara daga ƙauye, da ita aka sha kai Hajiya asibiti cikin dare. Yanzu ya tara ɗan abin da Allah ya hore masa, ya ce kafin ƙarfinsa ya ƙare shi ma yana so ya zauna a Marsandi, ko da ta hannu ce. Nan take gida ya rabu biyu. Hajiya ta ce, "Wadda kake da ita me ta yi maka?" Mu ƙannensa kuwa har mun fara zaɓar masa kala.

Bari mu fara da kare shi, domin akwai masu ganin duk wanda ya so mota mai tsada ɗan ƙarya ne. Ba mu yarda da wannan ba. Mutumin da ya shekara goma sha biyar yana bin hanyar Kano zuwa Kaduna da ƙaramar mota, bayansa na ciwo, kunnensa cike da ƙarar taya, ya san abin da yake nema. Kujera mai laushi, da shirun cikin mota, da sanyin da ba ya gazawa a watan Afrilu lokacin da zafi ke haura maki 40, duk abubuwa ne na gaske. Wanda ya nemi halak ɗinsa yana da damar ya ji daɗinsa. Abin da muke ja a kai shi ne lissafin da yawancinmu muke yi kafin mu saya.

Idan ka zaga wajen dillalai za ka tarar da abin mamaki. Marsandi ko BMW mai shekara goma sha biyar wani lokaci kuɗinta bai fi na Corolla mai ƙarancin shekaru ba. Sai mutum ya ce ai ya tsinci dami a kala. Ya kamata ya tambayi kansa dalilin da ya sa motar da aka saya da tsada tana sabuwa ta faɗo haka. Wanda ya fara hawanta a Jamus ko Amurka ya rabu da ita ne a daidai lokacin da gyaranta zai fara cin aljihu. Kuɗin motar ya karye, amma kuɗin kayan gyaranta yana nan a kan matsayin motar masu hali. Araha ba ta ado.

Da muka zauna da takarda da biro, ga abin da muka gani. Injin Corolla mai silinda huɗu yana shan baƙin mai wajen lita 4, filoginsa 4. Marsandi mai silinda shida tana shan wajen lita 8, kuma ba kowane mai take karɓa ba. Tsohuwar E320 ta wajejen shekarar 2000 filogi 12 gare ta, biyu a kowace silinda. Wasu manyan, irin su S-Class da Range Rover, a kan jakunkunan iska suke tsaye maimakon sifirin, ranar da jaka ɗaya ta huje za ka fito da safe ka tarar mota ta durƙusa kamar raƙumi. Ga fetur kuma. Kafin 29 ga Mayun 2023 lita ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba, da aka cire tallafi ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, a 2024 ta wuce 1,000. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, kuma kowane ƙarfe na waɗannan motoci da kuɗin waje ake shigo da shi. Duk wanda ya yi lissafi da farashin da ya sani a da, ya yaudari kansa.

Sai dai abin da ya fi ba mu tsoro shi ne halin da ƙaramar mota ta koya mana. Gaskiya Corolla ta sangarta mu. Lokacin juye ya wuce da wata biyu, ta haƙura. Ka zuba mata ruwan rijiya a lagireto, ta haƙura. Ta tsaya maka a ƙauye, bakaniken gindin bishiya ya taɓa nan ya taɓa can, ta tashi. Kayanta kuwa ko ina akwai, daga Ƙofar Ruwa a Kano har Fanteka a Kaduna, sabo da na hannu. Babbar mota ba ta da wannan haƙurin. Jikinta cike yake da kwamfutoci da ke magana da juna, waya ɗaya ta sami matsala sai fitilu su cika gaban direba. Bakaniken da ya saba da canki-canka zai yi ta sa ka sayen kaya har ka talauce, laifin yana nan. Mun san wani maƙwabcinmu da motarsa ta shekara a gareji an lulluɓe ta da tamfol, kaji na ƙwai a ƙarƙashinta, shi kuma ya koma hawan adaidaita-sahu. Motar ba ta da laifi, ya riƙe ta ne irin riƙon da ya saba yi wa tsohuwar.

Akwai kuma kuɗin da ba a rubutawa a rasit. Ranar da mutane suka gan ka a Marsandi, ka tashi daga mai rufin asiri ka koma Alhaji. Mai faci zai ƙara maka kuɗi, mai tumatir zai ƙara, ɗan uwan da yake neman dubu biyar zai dawo neman dubu hamsin, in ka ce babu a ce ka yi kuɗi ka canza hali. Duk bikin da za a yi a dangi motarka ce ta ɗaukar amarya. Ga halin da hanyoyinmu suke ciki, inda jan ido ba alheri ba ne. Matar yayanmu ce ta fara tayar da wannan maganar, kuma babu wanda ya iya ba ta amsa.

To me muke gani ya dace? A saya, amma a sauya tsarin sayen. Na farko, a nemo bakanike kafin a nemo mota. In garinku babu wanda ya ƙware a kan irinta, yake da na'urar bincikenta, to ba motarka ba ce. Na biyu, a binciki tarihinta. Kowace mota tana da lambar jiki mai haruffa da alƙaluma 17, kuma waɗanda suka fito daga Amurka ana iya duba su da ita a intanet. Da yawa daga gwanjon motocin haɗari da na ambaliya aka sayo su, aka gyara aka fesa fenti. Wadda ruwa ya taɓa shanyewa wayoyinta ba sa daina ciwo. Na uku, takardun kwastan. A Janairun 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin kan tudu, kuma tun lokacin wasu 'yan Kwatano suka riƙa biyo ɓarauniyar hanya. Takarda ta bogi tana iya raba ka da motar a shingen farko. Na huɗu, kada a ƙarar da kuɗi wajen saye. In abin da ke hannunka daidai kuɗin motar ne, ba ka isa sayenta ba tukuna. A namu ra'ayin, a ware aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu a ajiye domin gyaran shekarar farko.

Akwai kuma hanyar tsakiya. Lexus kamfanin Toyota ne ya fito da ita a 1989, kuma ES 350 injinta ɗaya da na Camry mai silinda shida. Wanda ya saba da Toyota zai sami laushi da shirun da yake nema, bakanikensa kuma ba zai tsaya yana kallon injin kamar baƙo ba. Ita ma tana shan mai, ita ma kayan jikinta da tsada, amma tsallen bai kai na farko nisa ba.

Yayanmu dai har yau bai saya ba. Ya duba motoci uku, bakanike ya kayar da biyu, ta ukun takardunta ne ba su kwanta masa ba. Hajiya ta sassauto, amma ta gindaya sharaɗi biyu: ba za a taɓa kuɗin makarantar yara ba, kuma ba za a sayar da Corolla ba sai sabuwar ta shekara a gidan. Da farko mun ɗauka tsoro ne irin na iyaye. Da muka gama lissafi sai muka ga duk abin da muka cika takarda da shi, ita ta riga ta faɗe shi a jimla biyu.

Allah ya hore mana abin hawa mai albarka, ya kuma hore mana abin riƙe shi. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.