Ba Buri Ne Ya Kashe Gatsby Ba

Akwai maganar da ta samu gindin zama a Dendi, har ta zama abin rufe bakin duk wanda ya yi ƙorafi: wai matsalarmu dogon buri ne. Saurayi ya ce yana son ya mallaki motar kansa maimakon ya tsufa a kan kabu-kabu, a ce masa ya rage buri. Ɗan kasuwa ya tambayi ranar da jirgin ƙasa zai iso Gaya, a ce masa mafarki yake da rana tsaka. Masu zurfin boko kuma sukan kafa hujja da wani shahararren littafin Amurka, The Great Gatsby, wanda F. Scott Fitzgerald ya wallafa a 1925, su ce ga shi nan, ko a ƙasar masu arziki wanda ya hango abin da ya fi ƙarfinsa halaka yake yi. Ina ganin ba su karanta littafin daidai ba, kuma wannan gurguwar fahimta ita ce dai ake cutar da mu da ita a gida.

Labarin ya faru ne a 1922, a tsibirin Long Island kusa da birnin New York. James Gatz ɗan talakawan manoma ne daga North Dakota. Ya sauya suna zuwa Jay Gatsby, ya shiga soja, ya haɗu da Daisy, ƴar masu hali, a Louisville a 1917. Kafin ya dawo daga yaƙi ta auri Tom Buchanan, magajin tsohuwar dukiya. Gatsby ya tara kuɗi, ya sayi katafaren gida a West Egg, unguwar sababbin attajirai, daura da East Egg inda masu arzikin gado suke. Ruwa ne kawai tsakaninsu, kuma da dare yakan tsaya yana kallon wata koriyar fitila da ke ci a mashigar jiragen gidan Daisy. Wannan fitila ce aka daɗe ana koya wa ɗalibai cewa alama ce ta burin da ba ya cika.

To amma a duba yadda mutumin ya mutu. Daisy ce ke tuƙa motarsa lokacin da aka buge Myrtle, matar da Tom ke nema a ɓoye. Gatsby ya yi shiru don ya rufa mata asiri. Tom ne ya nuna wa George Wilson, mijin marigayiyar, mai motar, shi kuwa ya ɗauki bindiga ya harbe Gatsby, sannan ya kashe kansa. Tom da Daisy suka haɗa kayansu suka bar gari, ko saƙon ta'aziyya ba su aiko ba. Ɗaruruwan da ke cika gidansa suna ci suna sha suka ɓace, aka binne shi da mahaifinsa da maƙwabcinsa Nick Carraway da wasu tsiraru. Mutum uku suka mutu, dukansu ƴaƴan talakawa, masu arzikin gado kuma ko ƙwarzane. Wanda ya karanta wannan ya ce darasinsa a rage buri, ya wanke Tom da Daisy tas, ya ɗora wa gawa laifi.

Ba na cewa Gatsby waliyyi ne. Matar aure ya nema, ya yi ƙarya game da asalinsa, dukiyarsa kuma daga fasa-ƙwaurin giya ta fito, a zamanin da Amurka ta haramta sayar da ita, daga 1920 zuwa 1933. Ya kuma yi wautar zaton kuɗi za su dawo masa da shekarun da suka wuce. Waɗannan laifuffuka ne, amma ba su ne suka sa East Egg ta ƙi shi ba, domin Tom ma mazinaci ne kuma maƙaryaci, ba a taɓa rufe masa ƙofa ba. Abin da ya raba su shi ne gidan da aka haifi kowa. Ruwan da ke tsakanin Gatsby da fitilar ba shi da faɗi. Mutane ne suka tsare mashigar.

A nan labarin ya shafe mu. Turawan Faransa sun ja layin dogo daga Kwatano har ya kai Paraku a 1936, mai tsawon kilomita 438, da nufin wata rana ya kai kogin Kwara. A 1959 Dahomey, wato Benin ta yau, da Nijar suka kafa hukumar haɗin gwiwa ta sufuri, wadda daga baya ta zama OCBN, kuma shekara da shekaru ana sauke kaya daga jirgi a Paraku a loda wa manyan motoci su bi ta Malanville da Gaya zuwa Dosso da Yamai. A 2014 kamfanin Bolloré ya fara shimfiɗa dogo daga Yamai zuwa Dosso, wajen kilomita 140, aka yi bikin buɗe shi a watan Janairun 2016 a zamanin Shugaba Mahamadou Issoufou. Layin bai taɓa zama hanyar jigila ta yau da kullum ba, domin ba a haɗa shi da teku ba. Shari'a ta sarƙe tsakanin Bolloré da kamfanin Petrolin na Samuel Dossou kan wanda ke da haƙƙin aikin, kotun ƙolin Benin ta ba Petrolin gaskiya a 2017, aikin kuma ya tsaya cik. Abin da ya rage tsakanin Paraku da Dosso bai kai kilomita 500 ba, kuma Gaya na kan hanyarsa.

Masu cewa wannan buri ne da ya fi ƙarfin ƙasashe matalauta su amsa tambaya guda. A 2019 aka ƙaddamar da aikin bututun mai daga Agadem zuwa Sèmè a gaɓar tekun Benin, kusan kilomita 2,000, tare da kamfanin CNPC na China. Bututun ya ratsa ƙasar Gaya, ya ƙetare kogin nan namu, kuma a watan Mayun 2024 aka loda jirgin ruwa na farko. Cikin shekara biyar aka gama abin da ya ninka ragowar dogon sau huɗu. Da ɗanyen mai ya buƙaci hanyar teku an samu kuɗi, an samu injiniyoyi, an samu yarjejeniya tsakanin Yamai da Kwatano. Albasa da rake da shinkafar Dendi, da dabbobinmu da ƴan kasuwarmu, sun kusa cika shekara casa'in suna jira. Wannan zaɓi ne da wasu suka yi, ba gazawar da ta sauko daga sama ba.

Haka batun iyaka. Nijeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, kasuwancin Gaya da Kamba ya ji jiki. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, gadar Gaya da Malanville ta rufe, motoci suka yi jerin gwano kaya na lalacewa. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, amma rashin jituwar gwamnatocin Nijar da Benin ya sa gadar ta ci gaba da zama a rufe, jama'a suka koma tsallakawa cikin kwale-kwale da ƙarin kuɗi da kasadar rai. Kowace gwamnati na da hujjarta, wasu ma na tsaro ne da bai kamata a raina ba. Sai dai idan giwaye suka yi faɗa ciyawa ce ke shan wahala, kuma ba adalci ba ne a juyo ana yi wa wanda aka tattake wa'azin rage buri. Yaron da ke ɗaure jarkokin fetur a babur daga Kamba ba ya yin abin a yaba, amma kafin a zage shi a tambayi wanda ya toshe masa halattacciyar hanya.

Masu wannan ra'ayi sukan fake da addini, kuma nan ne abin ya fi yi mini ciwo. Dogon burin da malamai ke tsoratar da mu a kai shi ne wanda ke mantar da mutum mutuwa da hisabi. Manomin da ke son amfaninsa ya kai kasuwa kafin ya ruɓe bai manta da Lahira ba, halal yake nema wa iyalinsa. Imani da ƙaddara kuma bai taɓa sauke wa shugaba nauyin amanar da aka ɗora masa ba. Haƙuri ibada ne, amma wanda ya riƙe haƙƙin mutane ba shi da hurumin umartar su da shi.

Don haka malaman da ke koyar da wannan littafi su daina tsayawa a kan fitila, su kai ɗalibai ga wanda ya tuƙa motar da wanda ya nuna mai ita. Sarakunanmu da ƴan kasuwa da ƙungiyoyin direbobi kuma su riƙa tambayar hukumomi a fili: ina aka kwana kan dogon Paraku zuwa Dosso, wa ke riƙe da aikin, kuma wane sharaɗi ya rage kafin zirga-zirga ta daidaita a gada? Waɗannan tambayoyi suna da amsa, kuma akwai masu ofis da aka naɗa domin su ba da ita. Mutanen Gaya na da haƙƙin su ji ta daga bakinsu.