Harsashi da Kuɗin Cefane

Wasan harbi yana da wata ɗabi'a da sauran wasanni ba su da ita: duk sa'ad da mutum ya ja kunama, kuɗi ne suka fita ta bakin bindiga, kuma ba su dawowa. Ƙwallo ɗaya kan ishi samarin unguwa wata da watanni, amma mai harbin faifan yumɓu a gasar Olamfik sai an cilla masa faifai 125 kafin a san ko zai kai zagayen ƙarshe. Ga kuɗin harsashi, ga na faifan da ya tarwatse. Magidancin da ke harbi don nishaɗi a Amurka ko Ingila, daga aljihun da ake sayen madarar jariri yake biyan wannan.

Ta fuskar kuɗi akwai sauƙi. Bindigar iska, wadda ake harbi da ita daga nisan mita 10, 'yan ƙwayoyin dalma take ci, ana sayar da su 500 a gwangwani, kuma kuɗinsu bai taka kara ya karya ba. Har ila yau, gwanaye sukan yi atisaye ba harsashi: a ɗaga bindiga, a saita, a daidaita numfashi, a ja kunama. Minti ashirin bayan yara sun yi barci sun wadatar. A Najeriya dai ko wannan sai da lasisin 'yan sanda, bisa dokar makamai ta 1959, kuma a halin da ake ciki ba na ganin laifin maƙwabcin da ya tsargu.

Lokaci shi ne gagarabadau. Asabar ɗin da maigida ya kwashe a filin harbi, uwargida ce ta biya ta da wuninta, ita kaɗai da yara. A ganina, wanda bai nemi yardarta ba, ko ya ɓoye mata farashin harsashi, bashi ya ci ba da sanin mai shi ba. Haka nake kallon mai tafiya farautar rani ya bar gida babu hatsi.

Gwanayen duniya ma ba su tsira ba. Kim Ye-ji ta Koriya ta Kudu ta ci lambar azurfa a Paris a 2024, da 'yar tsanar giwa ta ɗiyarta rataye a ƙugunta. Kafin shekarar ta ƙare ta sanar da cewa za ta ɗan ajiye bindiga don ta kula da yarinyar. Wasu sun ga asara. Ni ban gani ba.

Nino Salukvadze ta Jojiya kuwa wata hanya ta bi. Mahaifinta ne ya horar da ita, ta fara zuwa Olamfik a 1988, ta je har sau goma. Ɗanta Tsotne a filin harbin ya tashi, kuma a Rio a 2016 uwa da ɗa suka wakilci ƙasarsu tare.