Kamba na da wanda za su tambaya, Gaya fa?

Tsakanin Gaya da Kamba tafiyar kabu-kabu ce. Dangi ɗaya ne, aure ɗaya, kasuwa ɗaya, duk ƙasar Dendi. Amma akwai wani abu da mutumin Kamba yake da shi wanda mu ba mu da shi: gwamnansa sai ya zo ya roƙe shi kafin ya hau kujera.

A 2023 Nasir Idris, Ƙauran Gwandu, tsohon shugaban ƙungiyar malaman makaranta ta Najeriya, ya nemi gwamnan Kebbi. Zaɓen 18 ga Maris bai kammalu ba, sai da aka koma zagayen cike giɓi ranar 15 ga Afrilu kafin ya kayar da Aminu Bande. Ba yabon shi muke ba, ba kuma mu ce zaɓen Najeriya tsarkakakke ne ba. Kowa ya san yadda atamfa da taliya suke yawo lokacin kamfe. To amma duk alkawarin da ɗan takara ya ɗauka a Kamba, na lakkol ne, na asibiti ne ko na hanya, mutane sun riƙe shi, kuma a 2027 za a dawo neman ƙuri'arsu. Ranar ce za su buɗe littafin bashi.

Mu a Nijar tun asali ba a zaɓen gwamna, daga Yamai ake naɗo shi. Abin da muke da shi shi ne majalisar jiha da kansiloli, waɗanda muka zaɓa a 2011, muka sake zaɓa ranar 13 ga Disamba 2020. A watan Afrilun 2024 aka rushe su duka, aka sa kantomomi. Gaskiya ba mu yi kukan wasu daga cikinsu ba, don akwai waɗanda ba a sake ganin ƙeyarsu ba tun ranar zaɓe. Sai dai ko mugun kansila ka san gidansu, ka san gun da yake zama, kana iya tare shi a wurin suna ko jana'iza ka ce masa ina rijiyarmu. Kantoma kuwa wanda ya naɗa shi yake wa bayani.

Ku dubi abin da Gaya take ciki. Gadar da ta haɗa mu da Malanbil a rufe take tun 2023. Ƴan dako, masu abinci, masu gyaran kamyo, ƴan canji, duk wanda ke ci daga wannan gada ya ji a jikinshi, kaya da mutane sun koma kwale-kwale, farashi ya hau. Bututun mai na Agadem ya ratsa ƙasarmu ya wuce Benin, mu sai kallo. Layin dogon da aka ce zai zo daga Yamai, a Dosso ya tsaya, can ma ba jirgin da ke bi. Ga rake, ga shinkafa, ga ruwan sama da ya fi na kusan ko'ina a ƙasar nan, amma samarinmu suna ƙetarawa neman aikin ƙarfi. Wa za mu tambaya? Kowane ofishi ka shiga, a ce maka maganar ta sama ce.

Mun san batun gada maganar tsaro ce, ba kantoma ke da makullinta ba. Amma kuɗin harajin kasuwa da na tasha fa? Wannan a Gaya ake karɓa, a Gaya ya kamata a ji inda ya shiga.

Don haka muna kira ga gwamnan Dosso da kantoman Gaya su riƙa zama da jama'a a fili duk wata uku, su karanta abin da ya shigo da abin da aka kashe, da Hausa da Zabarmanci da Dendanci, a sa a rediyo. Kuma cikin shekara biyar ɗin da aka ɗiba a Maris 2025, a fara maido mana da zaɓen kansiloli da na majalisar jiha, a faɗi ranar tun yanzu.