Kuɗin Fiton Dokin Talaka

 A wannan mako ina so mu tattauna a kan wani abu wanda manyanmu ba su cika waiwayarsa ba, domin ba shi ne abin hawansu ba, watau keke, da kuma irin kuɗin fito da harajin da ake ɗora masa kafin ya bar tashar jiragen ruwa ta Apapa a Ikko, ya iso hannun mai shi.

Abin da ya jawo maganar kuwa, ran nan na tsaya wurin wani dattijo mai gyaran keke a unguwarmu, sai na tarar da wani magidanci mai sayar da itace ya kawo tub ɗin da ya sha faci har babu sauran wurin liƙa wani. Dattijon ya ce masa, "Malam, wannan fa ya gama aikinsa, sai dai sabo." Shi kuwa ya ce, "Baba, a dai ƙara lallaɓawa. In na sayi sabo yau, yara ba za su ga tuwon dare ba." Da na tambayi dattijon dalilin wannan tsada, sai ya ce shi dai abin da ya sani, duk ran da ya je saro kaya sai a ce masa dala ta hau, kuɗin kwastan ya ƙaru. To, bari mu bi sawun wannan magana mu ga inda ta kwana.

Kuɗin fito ba baƙo ba ne a wurin Bahaushe. Tun zamanin da fatake ke zuwa Gwanja sayen goro, in ayari ya isa bakin kogi sai ya biya kafin a fitar da shi, daga nan ne ma sunan ya samo asali. Saboda haka babu mai musun cewa hukuma tana da hakki a kan kayan da suka ƙetaro iyaka. Abin tambaya shi ne, nawa ake karɓa, daga aljihun wa, kuma don amfanin wa?

Tun shekarar 2015 Nijeriya take bin tsarin kuɗin fito na bai-ɗaya na ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, watau ECOWAS. An kasa kaya aji biyar: akwai waɗanda ba a biyan kome a kansu, sa'an nan masu kashi 5 cikin 100, da masu kashi 10, da 20, da kuma 35. Keken da ya iso a haɗe, sai hawa, yana cikin ajin kashi 20, wanda kuwa aka kawo a wargaje domin masana'anta ta haɗa shi a nan gida yana biyan ƙasa da haka. Kuma ba a kan kuɗin sayen keken kaɗai ake yin lissafi ba, sai an haɗa da kuɗin jirgi da na inshora tukuna.

Ga misali don mu fahimta. A ce keke ya iso Apapa, kuɗinsa da na jirgi da na inshora sun tashi naira 100,000. Bisa tsarin da aka daɗe ana bi, kuɗin fito naira 20,000 ke nan. Sai ƙarin kashi 7 cikin 100 na shi kansa kuɗin fiton, naira 1,400. Sai rabin kashi ɗaya na ƙungiyar ECOWAS, naira 500. Bayan an tara waɗannan duka, naira 121,900, sai a zo a ɗora harajin kayan masarufi, wanda aka fara karɓa a 1994 a kan kashi 5, aka mai da shi kashi 7 da rabi a 2020. Wannan ya haura naira 9,100. Ka ga an biya haraji a kan haraji, kuma kafin keke ya taka ƙasa an riga an aza masa fiye da naira 31,000. Ba a yi maganar ladan wakilin da zai fito da kaya ba, ko kuɗin ajiya in kwantena ta daɗe a tasha, ko kuɗin motar da za ta kai shi Kano, ko Sakkwato, ko Maiduguri. Mu tuna mafi ƙanƙancin albashin da aka tsai da a 2024 naira 70,000 ne.

Wani abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, kuɗin fito yakan ƙaru ko da ba a taɓa doka ba. Da dala ake sayo kaya, amma da naira ake biyan kwastan, saboda haka sai an juya dalar zuwa naira kafin a yi lissafi. Kafin watan Yuni na 2023 ana juya kowace dala a ƙasa da naira 500, amma a farkon 2024 sai da ta haura naira 1,400. Kashi 20 yana nan yadda yake a takarda, abin da ɗan kasuwa ke ƙirgawa kuwa ya ninka kusan sau uku. Wannan ya faru ne daidai lokacin da aka janye tallafin man fetur a ran 29 ga Mayu, 2023, mutane suka jingine babura suka koma neman tsofaffin kekunansu. Ana kukan targaɗe, sai ga karaya.

Masu tsara waɗannan dokoki suna da hujja, kuma ya kamata mu saurare ta. Sukan ce ana tsawwala wa kayan waje ne domin a kare masana'antun gida, 'ya'yanmu su sami aikin yi. A da can wannan magana tana da ƙafafun tsayawa. Kamfanin Raleigh na Ingila ya kafa masana'anta a Kano, kuma waɗanda suka ga kuɗin Udoji a 1975 ba za su manta da yadda ma'aikata suka yi ta rububin sababbin kekuna da babura da rediyo ba. Amma tun daga 1986, lokacin da aka shiga shirin gyaran tattalin arziki darajar naira ta fara zubewa, masana'antu suka shiga wani hali, ga tsadar kayan aiki, ga rashin wutar lantarki. Kamfanin ƙarfe na Ajaokuta da aka sa wa rai tun 1979 bai kai ga wadata mu da ƙarfen da za mu ƙera ko da feda ba. A 2004 gwamnatin Cif Obasanjo ta sa haɗaɗɗen keke cikin jerin kayan da aka hana shigowa da su, daga baya aka cire shi, amma masana'antar ba ta farfaɗo ba. Yau in ka shiga kasuwa, kekunan ƙasar Sin da na Indiya za ka gani, sai kuma na kwance da ake jibgowa daga ƙetare. Ashe ke nan mun kewaye gona da shinge mai tsawo, alhali ba mu shuka kome a ciki ba, talaka kuwa shi ke biyan kuɗin gadi.

Shi keke ba kayan ƙawa ba ne. Da shi manomi ke kai buhu kasuwar ƙauye, da shi ɗan makaranta ke cin mil biyar kafin a buga ƙararrawa, da shi malamin asibiti ke zaga ƙauyuka. Ba ya shan mai, ba ya hayaƙi, ba ya fasa titi. A 2001 Ministan Sufuri Cif Ojo Maduekwe ya yi ta kiran jama'a su koma hawan keke, har ya hau da kansa a Abuja, aka yi ta yi masa dariya. Ga shi yau tsadar mai ta tilasta mana abin da muka ƙi ji da lalama.

Kada kuma a ce sassauci abu ne da ba a saba yi ba. A dokar kuɗi ta 2020 an yafe wa kamfanonin jiragen sama kuɗin fito a kan jirage da kayan gyaransu. A 2024 an cire harajin kayan masarufi a kan motoci masu aiki da lantarki. Ban ce an yi laifi ba. Amma in har za a tausaya wa mai jirgin sama da mai motar lantarki, ina laifin a tuna da mai itacen da ke roƙon a ƙara masa faci?

Shawarata ga Ma'aikatar Kuɗi ta Tarayya da wakilanmu na Majalisar Ƙasa guda uku ce. Ta farko, a cire harajin kayan masarufi a kan keken aiki da kayan gyaransa, irin su taya, da tub, da sarƙa, da birki, da boris. Wannan yana hannunmu, ba sai mun nemi iznin kowa ba. Ta biyu, a kai maganar kashi 20 ɗin nan gaban ƙungiyar ECOWAS, a nemi a sauko da keken talaka zuwa ƙaramin aji, a bar kekunan tsere da na motsa jiki na masu hali a inda suke. Ta uku, duk wanda aka ba rangwame da sunan zai haɗa keke a gida, a je a gani da ido ko yana da ma'aikata, kada ya zama ɗaure ƙusa huɗu kawai yake yi ya kwashe riba. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Ga 'yan kasuwarmu kuwa, ina jan kunne. Ku buɗe takardunku ta banki yadda doka ta ce, ku faɗi gaskiyar abin da ke cikin kwantena da ainihin kuɗinsa. Wanda ya rubuta kayan gyara alhali haɗaɗɗun kekuna ya ɗauko, ko ya bi ta daji da 'yan fasa-ƙwauri, ran da dubunsa ta cika zai rasa uwa ya rasa riba, ya yi gudun gara ya faɗa gidan zago. In kuma Allah ya sa aka yi rangwame, to, a bari ya isa ga mai saye, kada ya maƙale a kanti.

Shi dai magidancin nan, dattijo ya ƙara masa faci ɗaya, ya ɗaura itacensa a kariya ya tafi yana turawa a hankali. Allah ya sa masu iko su ji, ya kuma sawwaƙe wa talakawa. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.