Da tsohuwar zuma ake magani: kada mu zubar da akwatin mai hoto

Jama'a, duk wanda ya girma a Damargu ya san mai hoto na ranar kasuwa. Yakan iso Falanko da kyamararsa rataye a wuya, ya kafa zane mai furanni a jikin bango, mata su ci ado su jera. Daga nan sai haƙuri, domin sai fim ya je birni an wanke shi, hoto ya dawo bayan kasuwa ɗaya ko biyu. Wannan hoton ne har yau ke rataye a ɗakunan iyayenmu mata, sama da jeren kwanoni.

Yau wayar salula ta karɓe wannan sana'a, kuma tun daga tushe ruwan ya ƙafe. Kamfanin fim na Agfa da ke Jamus ya karye a 2005, Konica ta fita daga harkar hoto a 2006, ita kanta Kodak ta Amurka sai da ta durƙusa a 2012 kafin ta sake miƙewa. Yawancin tsofaffin kyamarori an daina ƙera musu kayan gyara. Mai gyara sai dai ya kwance matacciya ya tayar da mai sauran numfashi, kamar yadda bakanike ke yi da tsohon babur.

Ba za mu yaudare ku ba, fim ba zai dawo kasuwanninmu kamar da ba. Zafinmu na lalata shi, ƙurar hunturu na shiga cikin kyamara, magungunan wanki kuma sun yi tsada sun yi nisa. Amma ɗan kasuwa na ƙwarai ba ya zubar da haja don kawai babu mai saye a garinsu. Matasan Turai da Japan sun koma ɗaukar hoto da fim, har kamfanin da ke yin Pentax ya fitar da sabuwar kyamarar fim a 2024. Ke nan wadda ke kwance cikin akwati a Tanut ko Balbeji tana da daraja, ko da ta mutu, saboda kayan cikinta. Alhaji, kafin ka miƙa wa mai sayen tsohon ƙarfe, tambayi kuɗinta a Damagaram ko Kano. Masu gyaran agogonmu ma su duba wannan hanya, don tsohuwar kyamara ƴar uwar agogo ce, duk ƙananan haƙora ne da waya mai lauje. Hannun da ya iya ɗaya zai iya koyon ɗayar.

Sai dai abin da ya fi damunmu shi ne nagatif, wato baƙin fim ɗin da ake wanko hoto daga gare shi. Malick Sidibé na Bamako ya adana nasa, har da hotunan bukukuwan unguwa, kuma su suka ba shi babbar lambar yabo a birnin Benis na Italiya a 2007. A Yamai, hotunan Philippe Koudjina ne ke nuna mana yadda birnin yake bayan samun ƴancin kai. Mu fa, ina namu? Idan mai hoto ya rasu, magada kan share ɗaki, gara da damina su ƙarasa sauran. A ciki akwai aurenki, Hajiya, da sunan ɗanki na fari, da fuskar mahaifin da jikoki ba su taɓa gani ba.

Don haka muna kira gare ku iyayenmu mata, ku da kuka fi kowa sanin ajiya. Ku nemi tsohon mai hoton garinku ko magadansa, ku karɓi nagatif ɗinku ko da da ɗan goro ne. Ku sa shi cikin takarda mai tsabta, nesa da rana da laima. Hoton bango kuma a ɗauke shi da waya tun bai dushe ba. Waya kan faɗa rijiya, nagatif kuwa idan an kula da shi yakan haura shekara hamsin.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa albarka a kasuwa.