Ruwan Sha a Cikin Jirgin Ruwa: Yaya Za a Yi da Tankin da Ya Daɗe a Ajiye?

Idan kun taɓa tsayawa a bakin kogin Isa a birnin Yamai, kun ga jiragen ruwa iri-iri. Akwai ƙananan kwale-kwale na masunta. Akwai manya masu inji da ke ɗauko kabewa da itace da fasinjoji. Jirgin da zai yi tafiya mai nisa yakan ɗauki ruwan sha a cikin bido, wato jarka, ko tano, ko tankin roba. Tambayar ita ce: idan jirgi ya yi watanni ba ya aiki, za a iya cika tankinsa kawai a kama hanya? Amsa ita ce a'a. Ga dalili.

Me ya sa jirage ke daɗewa a ajiye?

Kogin Isa ya taso daga ƙasar Gine. Tsawonsa ya zarce kilomita 4,000, kuma wajen kilomita 550 daga ciki suna ƙasar Nijar. A Yamai, kogin yakan cika sau biyu a shekara. Cikar farko tana zuwa da damina, a watannin Agusta da Satumba, lokacin da koramu irin su Sirba da Dargol da Goruwol ke kwararo jan ruwa. Cika ta biyu ita ce ta ruwan Gine, wanda yake ratso ƙasar Mali ya iso da sanyi, wajen Disamba da Janairu. Daga nan sai ruwa ya yi ta janyewa har zuwa Mayu da Yuni. A shekarar 1985 ma, kogin ya daina gudu a Yamai saboda tsananin fari.

Idan ruwa ya janye, yashi yakan tare hanya, manyan jirage su kasa wucewa. Sai a ɗaure su a gaɓa. Wani jirgin kuma lalacewar inji ko tsadar mai ke zaunar da shi. Mai jirgi yakan kula da katako da inji, amma sau da yawa yakan manta da sauran ruwan da ya kwanta a gindin tanki.

Abin da ya faru a ƴan shekarun nan

A watan Satumba na 2020, tsayin ruwan kogi a Yamai ya kai mita 7, alhali ana shelar babban haɗari tun daga mita 6 da santimita 20. Ruwa ya ɓalle shinge, ya shiga unguwanni irin su Lamorde da Saga. A daminar 2024, ambaliya ta shafi fiye da mutum miliyan ɗaya a faɗin Nijar. A watan Agusta na 2024, ruwa ya yanke manyan hanyoyin shiga Yamai, har mutane suka riƙa ƙetarewa da kwale-kwale. Haka kuma, bayan rufe iyakar Nijar da Benin a 2023, matafiya da yawa sun koma ƙetare kogi da jirgi tsakanin Gaya da Malanbil.

Ku lura da abu ɗaya a nan. Ranar da aka fi bukatar jirgi cikin gaggawa ita ce ranar da ruwa ya fi gurɓacewa. Ambaliya tana kwashe ƙazantar masai da bola, ta zuba a rijiyoyi da kogi. A irin wannan rana ce ake fiddo jirgin da ya daɗe a ɗaure, ba tare da an tsaya duba tankinsa ba.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce. A shekarar 2012, cutar kwalara, wato amai da gudawa, ta kama fiye da mutum 5,000 a Nijar, akasarinsu a jahar Tilaberi, a garuruwan bakin kogi. A 2021 ta sake ɓarkewa, ta kama fiye da mutum 5,000, ta kashe fiye da 150. Ana ɗaukar wannan cuta ta ruwa ko abincin da kashin mai ciwon ya taɓa. Jirgi kuwa yana tafiya daga gari zuwa gari. Idan ruwan cikinsa ya gurɓace, cutar ma ta samu abin hawa.

Me ke faruwa a cikin tankin da aka bari?

Ruwan famfon Yamai daga kogi ake jawo shi, a tace shi a Gudel da Yantala, a sa masa maganin kulorin mai kashe ƙwayoyin cuta. Amma ƙarfin wannan magani ba ya daɗewa. Bayan kwana ɗaya ko biyu yakan gushe, musamman a lokacin zafi. Daga nan sai ƙwayoyin cuta su fara hayayyafa.

Ku sa yatsa a cikin tsohon bido, za ku ji santsi a jikinsa. Wannan yauƙin shi ne gidan ƙwayoyin cuta. Ɗauraya kaɗai ba ta fid da shi, sai an goge. Idan hasken rana yana ratsa robar, gansakuka takan fito. Idan babu murfi, sauro ya yi ƙwai, ƙadangare ko ɓera ya faɗa. Tanon ƙarfe kuma yakan yi tsatsa. Duk sabon ruwan da aka zuba a kan wannan dauɗa ya ɓaci, ko da a ido ya yi garau.

Matakai bakwai na tsabtace tanki

1. Ku zubar da tsohon ruwan gaba ɗaya. Kada a sha, kada a yi girki da shi.

2. Ku duba tankin da kyau. Idan ya tsage, ko tsatsa ta ci shi, a sake wani. Mazubin da aka taɓa zuba fetur, ko man inji, ko maganin ƙwari na gona, ba ya komawa na ruwan sha ko sau nawa aka wanke shi.

3. Ku goge cikinsa da sabulu da buroshi mai dogon hannu. Bidon da hannu ba ya shiga, a zuba masa ruwan sabulu da ƙananan tsakuwa masu tsabta, a jijjiga sosai. Kada a manta da murfi da bakin famfo da tiyo.

4. Ku ɗauraye da ruwa mai tsabta har kumfa ta ƙare. Kada a ɗauraye da ruwan kogi.

5. Ku sa ruwan jabel marar turare. Ga bido mai lita 20 ko 25: lita ɗaya ta ruwa da babban cokali ɗaya na jabel, a rufe, a jijjiga, a bari minti 30. Ga babban tanki: a cika shi da ruwa, a zuba kwatan lita na jabel a kowace lita 100. Wato tano mai lita 200 zai ci rabin lita. A buɗe famfon kaɗan har a ji warin jabel, a rufe, a bari sa'a 24. Wannan awo na jabel ne mai ƙarfin kashi 2 zuwa 3 cikin 100. Ku karanta rubutun jikin kwalbar. Idan ya fi haka ƙarfi, ku tambayi ma'aikacin lafiya.

6. Ku zubar da wannan ruwan a ƙasa, nesa da kogi, domin yana kashe kifi. Ba ruwan sha ba ne.

7. Ku sake ɗaurayewa, ku cika da ruwa mai kyau, ku rufe.

Gargaɗi: kada a gauraya jabel da wani maganin wanki, domin yana iya fid da iska mai guba. A yi aikin a sarari, a nisantar da yara. Kada mutum ya shiga babban tanki shi kaɗai.

Wane ruwa za a zuba?

Wanke tanki ba shi da amfani idan za a cika shi daga kogi. Ku ɗebi ruwan famfo kafin ku tashi. Idan ya ƙare a hanya, dole ta sa aka ɗebi na kogi, a bar shi ya kwanta, a tace da ƙyalle mai tsabta, sannan a tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka. Ko kuma a sa ƙwayar tsabtace ruwa irin Aquatabs, a jira minti 30. Ƙwayoyin sun bambanta, saboda haka ku karanta ko lita nawa kowace ƙwaya take yi wa magani. A tsiyayo ruwa ta famfo ko ta bakin bido. Kada kowa ya tsoma moɗa da hannu a ciki.

Nauyin wa ne?

Nauyi na farko yana kan mai jirgi. Kuɗin sabulu da jabel bai kai na jinyar mutum ɗaya ba, balle asarar rai da zubewar suna. Ya rubuta RUWAN SHA da manyan baƙaƙe a jikin bidon ruwa, ya rubuta FETUR a jikin na mai, ya kuma rubuta ranar da aka wanke tankin. Idan zai sake ajiye jirgin, ya juye ruwan, ya shanya tankin, ya rufe, ya ajiye a inuwa.

Shugabannin masu jirage da sarakunan ruwa za su iya sa rana ɗaya kafin damina, kowa ya wanke mazubinsa. Kada a jira sai ruwa ya zo. Fasinja kuma yana da damar tambaya, ko ya taho da nasa ruwan.

Idan wani ya fara gudawa kamar ruwan shinkafa a cikin jirgi, a ba shi ruwan gishiri da sukari da aka haɗa da ruwa mai tsabta, ya yi ta kurɓa, a kai shi gidan likita mafi kusa ba da jinkiri ba. Kwalara tana iya kisa cikin ƴan sa'o'i, amma tana warkewa idan an yi hanzari.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

Yaushe kuka wanke randa ko bidon gidanku? Idan tanki yana cin lita 300, jabel nawa za a zuba? Wa za ku gaya wa abin da kuka karanta yau?

Ku tuna, rigakafi ya fi magani.